Kakar Atishawa a Japan

A Japan, daga tsakiyar watan Fabrairu har ƙarshen Afrilu, mai karanta hasashen yanayi a talabijin ba ya tsayawa kan ruwan sama da sanyi. In ya gama da su sai ya kawo wata taswira mai launi-launi, yana nuna yawan bununin da iska za ta kwaso gobe a kowane yanki: nan kaɗan, nan da yawa, nan kuwa ya wuce misali. Ba bununin gero ko na masara ake nufi ba. Na wata itaciya ce doguwa, miƙaƙƙiya, wadda ba ta kaɗe ganye, suna kiranta sugi. Sai mutane sun duba taswirar nan suke yanke shawarar shanya wanki a waje, ko buɗe taga, ko fita da yara wurin wasa.

Na isa ƙasar a watan Maris, abin yana kan ganiyarsa. Ɗan ƙanwata ne ya gayyace ni. Yana karatun digiri na uku a fannin magunguna a wata jami'a da ke wajen Tokyo. Da ya tare ni a filin jirgi na ga idanunsa sun kaɗa sun yi jawur, muryarsa ta toshe, har na tambaye shi ko lafiya. Ya ce, "Lafiya lau, Kawu, sugi ce. Shekarun farko ban san da ita ba, sai bara ta kama ni." Haka take yi wa baƙi da dama. Jiki ya yi ta shaƙa shekara da shekaru bai ce komai ba, rana ɗaya ya yi bori.

A cikin jirgin ƙasa mafi yawan fasinjoji sanye suke da takunkumi, wasu har da tabarau mai shinge a gefe don kada komai ya kai ga ido. Kowane kantin magani ya ware jerin kantoci tun daga bakin ƙofa don maganin atishawa da na ɗigawa a ido da na fesawa a hanci. Kafin mutum ya shiga gida sai ya tsaya a ƙofa ya kakkaɓe rigarsa. Sunan ciwon kafunsho, kuma da shi ake buɗe hira a wannan lokaci, a ofis ko a wurin cin abinci.

Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro na ƙasar suna yin ƙidaya a kan kansu da iyalansu kusan duk shekara goma. A 1998 kashi 16.2 cikin ɗari ne ke fama da alajin sugi, wato borin da jiki ke yi wa bununinta. A 2008 ya kai 26.5, a 2019 kuma 38.8. Binciken da hukumar birnin Tokyo ta yi a 2016 ya nuna kusan rabin mazauna birnin ne. Da yake ba ciwo ne mai kisa ba, baƙo zai iya raina shi. Ni ban raina shi ba, don na kwana ɗaki ɗaya da mai shi. Hanci a toshe, barci rabi da rabi, ido na ƙaiƙayi har cikin kai, a haka za a yi wata biyu ko uku, kuma a daidai lokacin da matasa ke zana jarrabawar shiga jami'a, kamfanoni na rufe lissafin shekara.

Na ce ina son in ga itaciyar a inda take. Muka shiga jirgin da ke bin layin Ome zuwa Okutama, can yammacin Tokyo inda gidaje ke ƙarewa duwatsu su fara. Daga nesa dajin ya yi ruwan tsatsa, ba kore ba, saboda ƙananan furannin maza da suka cika ƙarshen rassa. In iska ta buga gefen dutsen sai ka ga wani gajimare rawaya ya tashi. Akan samu masu kiran 'yan kwana-kwana suna zaton gobara ce. Cikin dajin kuwa duhu ne da shiru. Itatuwan tsayinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, a jere suke sahu-sahu, ƙarƙashinsu ba ciyawar kirki, ba ka jin kukan tsuntsu sosai. Ko ba a gaya maka ba ka san hannu ne ya dasa su.

Lokacin yaƙin duniya na biyu an sassare dazuzzukan Japan don katako da makamashi, biranenta kuma, da yake gidajen katako ne, suka ƙone ƙurmus. Duwatsu suka zama tsirara, ruwa ya daina samun abin da zai tare shi. Guguwar Kathleen ta 1947 kaɗai ta kashe fiye da mutum dubu a yankin Tokyo da arewacinsa. Sai gwamnati ta ba ƙauyawa tallafi su dasa itatuwa, aka zaɓi sugi da 'yar'uwarta hinoki saboda saurin girma da miƙewar katakonsu. Ba wuraren da aka sare kaɗai ba, har dazuzzukan asali masu itatuwa iri-iri aka riƙa sarewa ana maye gurbinsu. Yau sugi ta mamaye kimanin hekta miliyan 4.4, hinoki kimanin miliyan 2.6. Shawara ce mai ma'ana a zamaninta, kuma ban ga dalilin zagin waɗanda suka yanke ta ba: mutane na neman rufin kwana, ƙasa na zaizayewa. Amma a 1964 aka buɗe ƙofar shigo da katako daga waje baki ɗaya, na wajen ya fi arha, sana'ar daji ta karye. Zuwa 2002 kashi 18.8 cikin ɗari kacal na katakon da ƙasar ke amfani da shi ne na gida. Ma'aikatan daji sun ragu daga kimanin 146,000 a 1980 zuwa kimanin 44,000 a 2020. Itatuwan da aka dasa don a sare su suka tsaya a inda suke, sugi kuwa sai ta kai shekara talatin take fara zubar da bununi sosai.

Idan da itatuwa ne kaɗai, da labarin ya ƙare nan. Abin da ya sa ɗan ƙanwata ya dage sai mun je Nikko ke nan, gari mai tsoffin wuraren ibada a arewacin Tokyo, inda kabarin Tokugawa Ieyasu yake. Hanyoyin shiga garin an jera musu sugi dama da hagu tun 1625, tsawon kusan kilomita 35, wasu itatuwan mutum uku ba za su rungume su ba. Ƙarni uku da ɗoriya mutanen Nikko suna zaune a ƙarƙashinsu, amma sai a 1964 wani likita mai suna Saito Yozo, wanda ya duba marasa lafiya a wani asibiti a garin, ya wallafa rahoton farko na alajin sugi tare da malaminsa Horiguchi. A 1987 kuma Ishizaki da abokan aikinsa suka ƙidaya masu ciwon a yankin unguwa-unguwa. Suka tarar waɗanda gidajensu ke bakin babbar hanya mai cunkoson motoci sun fi kamuwa, fiye da ninki biyu, a kan waɗanda ke zaune kusa da dajin sugi inda mota ba ta cika bi ba, alhali bununin da suke shaƙa kusan ɗaya ne.

Wannan tambaya, me hayaƙi ke yi wa bununi kuma me yake yi wa mai shaƙarsa, ita ce aikin ɗakin binciken da yaron yake ciki. Shugabar ɗakin dattijuwa ce siririya mai ƙarancin magana, ɗalibanta na ce mata Sensei. Ba ta fara da bayani ba. Sama ta kai ni, kan rufin bene, inda wani ɗan ƙarfe ke tsaye: faifai biyu, ɗaya a saman ɗaya, tsakaninsu ɗan gilashi da aka shafa wa man basilin. Kowace safiya ɗalibi zai hau ya cire gilashin jiya ya sa sabo, ya sauka ya ɗiga masa rini, ya sa shi a madubin ƙara girma, ya ƙirga ƙwayoyin da suka manne a kowace murabba'in santimita, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka fara samun aƙalla ƙwaya ɗaya kwana biyu a jere, ita ake rubutawa a matsayin farkon kaka. Akwai na'urorin zamani da ke ƙirgawa da haske, amma ba a yar da wannan tsohuwar hanya ba, don da ita aka tara lissafin shekaru masu yawa. Daga irin wannan lissafi aka gane cewa in bazarar bara ta yi zafi da rana sosai, bununin bana zai yi yawa.

Da na leƙa madubin na ga ƙwayoyi kewayayyu, kowace da ɗan tsinin baki. Faɗin ɗaya kimanin maikuron 30 ne, wato sai an jera talatin da 'yan kai kafin su cika milimita ɗaya. Wasu a rufe suke, wasu sun fashe, cikinsu ya tsiyayo. Sensei ta sa na lura da fasassun.

Ta ce ƙwaya mai wannan girma hanci ne ke tare ta, ba ta kaiwa huhu. Amma abin da jiki ke bori a kansa ba ƙwayar ba ce, wasu sinadaran furotin ne da take ɗauke da su. Na farko, Cry j 1, Yasueda da abokansa suka ware shi a 1983. Yawancinsa yana bisa fatar ƙwayar ne, a jikin wasu 'yan ƙananan ɓarɓashi da ke manne da ita. Na biyu, Cry j 2, yana ciki. Farfesa Wang Qingyue na Jami'ar Saitama ya daɗe yana nuna cewa a iskar birni, in bununi ya haɗu da gurɓatattun sinadarai da ruwan sama, yakan fashe ya saki waɗannan sinadarai a ɓarɓashin da bai kai ko maikuron biyu ba, wanda ke iya zarcewa can cikin ƙirji. Ga kuma ƙurar hamadar Gobi da Taklamakan, da iska ke ƙetarowa da ita daga nahiyar Asiya a daidai wannan kaka. Ga kwalta da siminti: bununin da ya faɗi a gona ƙasa ce ke riƙe shi, wanda ya faɗi a titi kuwa kowace mota ta wuce sai ta sake tayar da shi.

Wannan ɓangaren bununi ke nan. Ɓangaren jiki ya fi ba ni mamaki. Sojan garkuwar jiki da ke haddasa alaji sunansa IgE, kuma wasu ma'aurata 'yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, su suka gano shi a 1966 suna aiki a Denver ta Amurka. A 1986 Muranaka da abokansa a Jami'ar Tokyo suka ba ɓeraye sinadarin sugi, wasu shi kaɗai, wasu haɗe da baƙin ɓarɓashin hayaƙin dizal. Waɗanda suka sami haɗin suka fi samar da IgE nesa ba kusa ba. A 1997 David Diaz-Sanchez a Los Angeles ya gwada irin wannan a hancin mutane da bununin wata ciyawa ta can, ya tarar haɗin ya ninka IgE har sau 16 a kan bununin shi kaɗai. Wato hayaƙin ba shi ne abokin faɗan ba, zuga yake yi.

Na tambayi ɗan ƙanwata, to shi da ya zo koyon magunguna me ya kai shi rufin bene? Ya ce, "Kawu, ai jiki bai san wannan magani ne wancan hayaƙi ne ba. Duk baƙon sinadari ma'aikata ɗaya ne ke karɓarsa." Ma'aikatan nan enzayim ne, mafi yawansu a hanta, wasu a hanji da huhu da cikin hanci, aikinsu su sauya baƙon sinadari ya zama abin da fitsari ko bayan gida zai fitar. Babban gidansu ana kiransa P450, sunan da Omura Tsuneo da Sato Ryo suka raɗa masa a Osaka a 1962. Akwai wani gida kuma, GST, mai kashe kaifin gubar da hayaƙi ke haifarwa. Kusan rabin mutanen Turai da gabashin Asiya ana haihuwarsu ba su da ɗaya daga cikin waɗannan, GSTM1. A 2004 Frank Gilliland da Diaz-Sanchez suka wallafa cewa a cikin masu alaji da suka gwada, marasa GSTM1 su ne hayaƙin dizal ya fi zuga borinsu. Maƙwabta biyu a titi ɗaya, iska ɗaya, ɗaya na wahala ɗaya na yawonsa, kuma wani ɓangare na bambancin gado ne.

Hayaƙi kuma yana taɓa aikin magani kai tsaye. Sinadaran da ke cikin hayaƙin taba suna sa hanta ta ƙara yawan wani enzayim mai suna CYP1A2, wanda shi ke narkar da tiyofilin, tsohon maganin fuka. Mai shan taba jikinsa na fitar da maganin da wuri. Ranar da ya daina, in ba a rage masa ba, sai maganin ya taru ya yi masa yawa. Tun shekarun 1970 aka nuna cewa naman da aka gasa a kan garwashi ma yana yin irin wannan.

Sensei ta ɗauko wani tsohon kwalin magani daga aljihun teburinta, wanda take nuna wa sababbin ɗalibai: terfenadin. A 1985 ya fito a Amurka, aka yi maraba da shi ko'ina, don shi ne maganin atishawa da ba ya sa barci. Direba da ɗalibi za su sha su yi aikinsu. Abin da ba a gane ba da farko shi ne, ba terfenadin ɗin ke yin aikin ba. Da an haɗiye shi wani enzayim, CYP3A4, ke sauya kusan dukkansa zuwa wani sinadari, wannan ne ke tsayar da atishawa. Shi kansa terfenadin, in ya taru a jini, yana rikita bugun zuciya. A 1990 likitoci a asibitin sojan ruwa na Bethesda suka ba da rahoton wata mata da ta riƙa suma, zuciyarta na bugawa ba tsari. Tana shan terfenadin, ta ƙara da ketokonazol, maganin ƙaiƙayin fungus, wanda ke toshe CYP3A4. Eritiromaisin ma haka yake yi, haka ruwan garehul, wanda David Bailey a Kanada ya gano tasirinsa kan magunguna a ƙarshen shekarun 1980. An rasa rayuka. Mafitar da aka samu ta burge ni ƙwarai: tunda sinadarin da hanta ke samarwa shi ne mai amfani, kuma ba ya taɓa zuciya, sai aka haɗa shi kai tsaye aka sayar. Shi ne feksofenadin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1996, aka janye terfenadin a 1998. Yau da sunan Allegra yana cikin abin da aka fi gani a kantunan da na ambata. Ko shi ma da ruwa zalla ake so a sha shi, don ruwan lemo da na tuffa da na garehul suna rage yawan abin da hanji zai tsotsa.

Ina sauraron wannan hankalina ya tafi kemis ɗin unguwanninmu, inda mai mura zai fito da ƙulli ɗaya an haɗa masa Piriton da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na ciwon jiki, ba wanda ya tambaye shi me yake sha a gida. Mai shan rifamfisin don tarin fuka, alal misali, hantarsa na narkar da magunguna da yawa da gaggawa har su kasa aiki. Ga hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, yana sauka kan hayaƙin janareta da na itacen girki da na tsofaffin manyan motoci, a watannin da masu fuka suka fi shan wuya. Ɗan ƙanwata ya ce abin da yake son ya yi in ya koma ke nan: ya kafa irin wannan ƙarfe a kan rufi a Zariya, ya ga me ƙurar ke ɗauke da shi wata-wata. Ya ce kayan aikin ba su da tsada. Abin da ke da tsada shi ne a sami wanda zai hau kullum shekara goma bai tsallake ba.

Akwai wurin da Sensei ta taka mini birki, kuma nan na fi ganin girmanta. Na ɗauka tunda aikinta a kan hayaƙi yake, za ta ɗora masa laifin duka. Sai ta tuna mini cewa a 1999 gwamnan Tokyo, Ishihara Shintaro, ya riƙa bayyana gaban 'yan jarida da gorar roba cike da baƙin tokar dizal yana girgizawa, kuma daga Oktoban 2003 Tokyo da Saitama da Chiba da Kanagawa suka hana manyan motocin dizal marasa matata bin titunansu. Iskar birnin ta gyaru sosai. Amma masu alajin ba su ragu ba, ƙaruwa suka yi. Ta ce hayaƙi yana tsananta abin, wannan an tabbatar, sai dai tushen shi ne itatuwan da ke ƙara tsufa suna ƙara bununi, ga bazara na ƙara zafi, ga yadda ake rainon yara ya sauya. Ta ce wa yaron a gabana, duk wanda ya zo masa da dalili guda ɗaya tal, ya nemi ya nuna masa lissafinsa.

A ɓangaren magani an ci gaba. Tun 2014 akwai hanyar saba wa jiki da sugi ta sa ɗan sinadarinta a ƙarƙashin harshe kullum, da farko ruwa, daga 2018 ƙwaya. Ba a farawa a tsakiyar kaka, sai bununi ya lafa, kuma shekara uku zuwa biyar ake yi ba fashi. Ɗan ƙanwata ya ce zai fara a watan Yuni. Ga waɗanda abin ya yi wa tsanani, an amince da allurar omalizumab, mai ɗaure IgE, a 2019.

A ɓangaren daji kuwa tafiyar ta fi nisa. A 1992 aka gano wata sugi a jihar Toyama da ba ta fitar da bununi ko kaɗan, kuma daga irinta da na wasu masu ƙarancin bununi ake rainon dashe yanzu. A 2023 Firaminista Kishida Fumio ya kira alajin matsalar al'umma, gwamnatinsa ta fitar da shiri: a rage dazuzzukan sugi da aka dasa da kashi 20 cikin ɗari a shekara goma, a ƙara saran da ake yi daga kimanin hekta 50,000 zuwa 70,000 a shekara, bununi ya ragu da rabi a shekara talatin. A hanyarmu ta dawowa daga Okutama na ga gefen wani dutse da aka riga aka sare, an dasa sababbi da ba su wuce gwiwa ba. Gangaren ya yi tsayin da babu motar da za ta hau, da igiyar ƙarfe ake sauko da gungumen. Ba za a sare dutse duka a lokaci ɗaya ba, don in damina ta zo ƙasar za ta rufto kan gidajen da ke ƙasa, kuma kowane gungume da aka sauko da shi sai an sami mai saye kafin a biya masu saran.